Darasi Na 14: Inda Baƙo Zai Ci Abinci A Birnin Sakkwato

Daga Shagari zuwa Sakkwato hanya ɗaya ce, kwalta. Mota takan bi ta Bodinga, ta wuce filin jirgin sama, kana ta shiga birni. Mutanenmu suna bin wannan hanya kullum. Wani asibiti za shi, wani kasuwa, wani kuwa ziyara. Ko wane ne daga cikinsu, in rana ta take, ciki zai nemi hakkinsa. A ƙauye kowa ya san tukunyar da zai ci. A birni ba haka ba ne. Baƙo yana iya ɓatar da kuɗinsa a banza, yana kuma iya sayo wa kansa ciwo.

Masu ziyara sun fi taruwa a tsohon gari, wajen Hubbare. A nan kabarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake. Ku mutanen Bodinga kun san Shehu ya zauna a Sifawa, kusa da ku, kafin ya koma Sakkwato a 1815. A can ya rasu a 1817. Masallacin Shehu yana nan kusa, haka kuma fadar Sarkin Musulmi da masallacin Sarkin Musulmi Bello. Baƙi suna zuwa daga Kano, da Ilori, da ƙasar Nijar, da wurare masu nisa.

Inda baƙi suka taru, nan masu abinci suke taruwa. Da yawansu mutanen kirki ne. Amma ku lura da abu guda. Mai tuwon da take sayar wa mutanen unguwa ta san za su dawo gobe. In miyarta ta yi tsami, za su gaya mata, su koma wurin wata. Saboda haka takan kula. Wanda yake jiran baƙi kaɗai ya san ba zai sake ganinka ba. In ba mai tsoron Allah ba ne, sai ya tsawwala maka kuɗi, ya zuba maka na jiya. Wannan ba a Sakkwato kaɗai yake ba. Ku tambayi alhazan garinku, za su gaya muku abincin bakin Harami ya fi na cikin unguwa tsada.

To, dabara ta fari ita ce tambaya. Ka sami ɗan gari wanda aikinsa yake nan, kamar mai gadi, ko mai wankin hula, ko tela. Ka yi masa sallama, ku gaisa. Kada ka ce, "Ina ake sayar da abinci mai kyau?" Zai nuna maka babban otal, domin yana tsammani abin da baƙo yake so ke nan. Ka ce, "Malam, don Allah kai a ina kake cin naka?" Sau da yawa wurin bai wuce lungu biyu ko uku ba, da ƙafa za ka je. Ɗan kabu-kabu ma ya san gari sarai, sai dai shi kuɗinsa a tafiya yake, yana iya kai ka nesa alhali ga tuwo a bayanka.

A nan ne karatunku zai yi muku rana. Gidajen abinci da yawa suna da allo a ƙofa. Za ka ga an rubuta GIDAN ABINCI, ko AKWAI TUWO, ko SHINKAFA DA WAKE. Wasu har da kuɗin kowane kwano. Wanda ya iya karatu yakan tsaya daga waje, ya karanta, ya auna da abin da ke aljihunsa. Ba ya shiga ya zauna kana ya fito da kunya.

In ka isa, kada ka yi gaggawar zama. Ka dubi masu ci tukuna. In ka ga 'yan kasuwa da leburori da direbobi sun cika benci, alama ce mai kyau. Abinci ba ya kwana a irin wannan wuri, ana saukewa ana ƙarewa. Ka dubi tukunya. Tana kan wuta? Tururi yana tashi? Ka dubi tuwo da waina, a rufe suke ko ƙuda yana sauka a kansu? Ka dubi ƙasa, ko akwai kwata kusa. Sa'an nan ka leƙa inda ake wanke kwanuka. Ni a ganina wannan ya fi kome nuna halin mai abinci. In ruwa ɗaya ne a roba tun safe, ya yi baƙi, ana tsoma kwano ana cirewa, to ka yi gaba abinka, ko da ƙamshin miyar ya kai sama.

Me ya sa muke nanata zafin abinci? Domin akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Ƙuda yakan ɗauko su daga bayan gida, ya sauke a kan abinci. Hannun da ba a wanke ba shi ma yakan kawo su. Wuta tana kashe su. Amma in abinci ya huce, aka bar shi a ajiye, sai su yi ta haihuwa a ciki. Da bazara, watau watan Maris zuwa Mayu, zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40. Miyar da aka sauke da hantsi tana iya lalacewa kafin la'asar. Kun tuna annobar amai da gudawa ta 2021, wadda ta taɓa jihohi da yawa har da tamu. Ta ruwa da abinci marasa tsabta take bi. Saboda haka ka ce a zuba maka daga tukunyar da ke kan wuta. Ka wanke hannunka da sabulu, a zuba maka ruwa daga buta. Kada ka tsoma hannu cikin kwanon da mutum goma suka riga suka tsoma.

Abin ci kam, Sakkwato ba ta da rowa. Da safe akwai koko da ƙosai, da waina, da mai shayi da burodi. Da rana akwai tuwon shinkafa da na dawa, da miyar kuka ko ta sure, da ɗanwake. Da yamma mahauta sukan hura wuta. In tsire kake so ko balangu, ka sa a mayar maka da shi kan wuta a gabanka. Kilishi kuwa busasshe ne, yana jure tafiya, shi ya fi dacewa da tsarabar yara.

Sai abin sha. A biranen Turai, kamar Faris ta ƙasar Faransa, akwai shagunan giyar inabi kusa da wuraren da baƙi suke zuwa kallo. Mu nan ba mu da wannan. Giya haramun ce ga Musulmi, kuma tun shekarar 2000 Jihar Sakkwato take bin dokar Shari'a. Namu abin sha fura da nono ne, da kunun zaƙi, da zoɓo. Babu abin da ya kai fura kashe ƙishirwa da yunwa tare. Sai dai fura ba a dafa ta bayan an dama, saboda haka lafiyarta tana ga ruwan da aka zuba. Ka tambayi mai furar da wane ruwa take damawa. In ba ka natsu ba, ka sayi ruwan leda ka ba ta. Ruwan ledan ma ka juya shi ka karanta. Na kirki yana da sunan kamfani da lambar hukumar NAFDAC. Ƙanƙara kuma ruwa ce, sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta.

Kafin a zuba maka kome, ka ji kuɗinsa. Ba rowa ba ce, ba kuma ƙauyanci ba. Ga yadda za ka yi:

"Salamu alaikum, Inna. Sannu da aiki."

"Yauwa, ɗana, sannu da zuwa. Me za a zuba maka?"

"Tuwon shinkafa. Nawa ne malmala?"

"Ɗari uku."

"Da nama ko babu?"

"Nama daban ne, yanka ɗaya ɗari biyu."

"To, a sa mini malmala biyu da yanka ɗaya."

Kun ga bai kai loma baki ba sai da ya san abin da zai biya. Kuɗin da muka sa a nan misali ne kawai, gama farashi yana sauyawa. Kuɗin motar komawa gida kuwa, ka ware shi a wani aljihu tun kafin ka shiga birni.

In ka dawo gida ciki ya ɓaci, kada ka daina shan ruwa. Ka tafasa ruwa lita 1, ya huce, ka zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, ka riƙa sha kaɗan-kaɗan. In gudawar ta yi yawa, ko ta haɗu da amai, a tafi asibiti nan da nan, kada a jira gari ya waye.

Aikin yau

Ku rubuta waɗannan kalmomi a littafinku, kowace sau uku: tuwo, ƙuda, tukunya, farashi, Hubbare.

Mutumin da ya yi ciniki da Inna, nawa zai biya duka? In ya ba ta naira 1,000, nawa ne canjinsa?

Don me aka ce ka tambayi ɗan gari inda shi yake cin nasa?