Barbarar Talo-talon Daji da Abin da Maharba Za Su Koya

Talo-talon da ake kiwo a gidaje asalinsa tsuntsun daji ne na Amurka ta Arewa. Mutanen Meziko ne suka fara kiwonsa, daga nan Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, har ya bazu duniya. Ɗan'uwansa na daji yana nan har yau, ana farautarsa bisa doka, kuma an gina dokar ne a kan sanin yadda tsuntsun yake barbara.

Yadda barbarar take

Idan hunturu ya janye, yini ya fara tsawo, watau wajen watan Maris da Afrilu, sai mazan su motsa. Da asuba namiji yakan yi wata irin cara daga kan itacen da ya kwana, ana jinta daga nisan mil guda idan iska ta kwanta. Sa'an nan ya sauko fili, ya baza wutsiya kamar mafici, ya kumbura gashinsa, ya riƙa jan fikafikai a ƙasa, launin kansa yana sauyawa tsakanin ja da fari da shuɗi.

Tun kafin wannan lokaci mazan sun yi ta faɗa har kowane ya san matsayinsa, saboda haka ƙalilan daga cikin manyansu ne ke samun yawancin matan. Macen ce take zuwa wurin namiji, ita ce kuma mai zaɓi. Wani bincike da aka buga a 2005 ya nuna cewa a Kalifoniya maza 'yan'uwan juna sukan yi wannan taƙama tare, amma babban ne kaɗai yake barbara, sauran suna korar baƙi.

Bayan barbara macen takan keɓe kanta, ta yi sheƙa a ƙasa cikin ciyawa. Takan saka ƙwai 10 zuwa 12, kusan ɗaya kowace rana, ta yi kwanci na kwana 28. Namiji ba ruwansa da ƙwai ko 'yan tsaki. 'Yan tsakin kuwa ba sa iya tashi sama sai bayan kamar mako biyu, kuma a wannan tsakani da yawa suke halaka.

Abin da wannan ke nufi ga maharba

Na farko, tun da namiji ɗaya ya ishi mata da yawa, dokar yawancin jihohin Amurka a wannan lokaci ta yarda a harbi mai gemu kaɗai. Gemun nan wani tuntun gashi ne da ke fitowa a ƙirjin namiji. Wasu mata kaɗan ma suna da shi, don haka maharbi nagari yakan duba sosai kafin ya ja kunamar bindiga.

Na biyu, maharbi yakan ɓoye ya kwaikwayi kukan mace. To, da yake a al'ada macen ce ke zuwa, namiji yakan tsaya nesa yana jira, kuma idan yana tare da mata da wuya ya kula. Ya fi amsa kira bayan matan sun tafi kwanci. Saboda haka jinkirin da ke tsare tsuntsun shi ne kuma ke taimakon maharbi.

Na uku, idan aka kashe manyan maza kafin su gama barbara, ana iya jinkirta saka ƙwai. Ganin yawan tsuntsun yana raguwa, Jihar Jojiya ta ɗaga ranar buɗe farauta a 2022, ta kuma rage abin da maharbi zai kashe daga 3 zuwa 2.

Har wa yau, ana gargaɗin maharbi kada ya sa tufa ja ko fara ko shuɗiya, don kada wani ya zaci kan talo-talo ne ya harbe shi.

Amurkawa sun ga illar sakaci. Wajen 1930 farauta barkatai da sare dazuzzuka sun kusa ƙarar da tsuntsun. Dokar 1937 ta ware harajin bindiga da harsashi domin kula da namun daji, kuma daga 1951 aka riƙa kama tsuntsayen da raga ana kai su inda suka ɓace. Yanzu ana ƙidaya su da miliyoyi a jihohi 49.

Darasi ga maharbanmu

Zabon daji shi ma a ƙasa yake sheƙa, da damina yake saka ƙwai. Amma halinsa ya bambanta: biyu-biyu suke haɗuwa, namiji yana gadin macen, yana kuma taimakawa wajen renon 'yan tsaki, ga shi da wuya a rarrabe namiji da mace daga nesa. Dokar harbin namiji kaɗai ba za ta yi amfani a nan ba. Abin da ya dace shi ne a ƙyale zabi baki ɗaya da damina, kada kuma a kwashe ƙwan da aka tsinta a daji. Ana roƙon sarakunan baka da shugabannin maharba su yaɗa wannan bayani ga mutanensu.