Kuɗin da ke zuba a cikin gida

Kaka ta yi. Hatsi ya shiga rumbu, an roro wake, kowane gida da abin sawa a baka. Yanzu ne ya kamata mu yi maganar tattali, tun abin yana hannu. In muka bari sai bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, maganar ba ta da sauran amfani.

Wasu suna zaton tattali aikin mai albashi ne. A ganinmu manomi ya fi kowa bukatarsa, domin shi sau ɗaya yake samu a shekara. Kuma asararsa da yawa a cikin gida take faruwa, kaɗan-kaɗan, ba tare da kowa ya lura ba.

Mu fara da wake

Wake shi ne kuɗin manomi a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Da kaka yana da araha, domin kowa ya kai nasa kasuwa. Bayan wata biyar ko shida yakan yi daraja. To, me ya sa muke gaggawar sayar da shi? Wani bashi ne ya matsa masa. Amma da yawa tsoron ƙwari ne.

Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi. Yana saka ƙwai bisa kwanso. Tsutsa ta fito, ta shige cikin ƙwayar wake, tana ci daga ciki. Cikin kamar wata ɗaya ta zama ƙwaro, ta huda ta fito, ita ma ta saka nata ƙwai. Shi ya sa buhun da muka ɗaure da kyau sai mu buɗe mu tarar duk huda da gari.

Ga abin da ya kamata mu riƙe: ƙwaro yana numfashi kamar mu. In aka hana shi iska, zai mutu, da shi da tsutsarsa. Ba sai an zuba magani ba.

Don haka aka yi buhun nan mai suna PICS. Jami'ar Purdue ta ƙasar Amurka ce ta fito da shi, kuma cibiyar binciken aikin gona ta ƙasarmu, INRAN, ta yi aiki a kansa a Maraɗi. An soma yaɗa shi a shekarar 2007. Buhu uku ne cikin ɗaya: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Kafin mu zuba wake, mu shanya shi ya bushe ƙarau, mu fitar da tsakuwa da ƙaya, don kada su huda ledar. Mu cika kowace leda da iska, mu matsa, mu ji ko tana yoyo. Bayan mun zuba, mu matse iska ta fita, mu ɗaure ledar ciki ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun waje. Mu ɗora shi bisa itace, nesa da bango, saboda ɓera. Kada mu riƙa buɗewa muna leƙawa. In ledar ba ta huje ba, baɗi ma za ta yi aiki.

Wanda bai da buhun, jarka ko bido mai murfi ya isa. A wanke, a bar shi ya bushe, a cika shi da wake har baki, a rufe gam. Amma ban da wanda aka taɓa zuba wa fetur ko maganin feshi.

Ga kuma dabarar kakanninmu, wadda ta dace da waken iri: toka. A tankaɗe toka mai sanyi, a gauraya tiya ɗaya ta toka da tiya ɗaya ta wake a cikin tulu, a rufe samansa da wata tokar mai kaurin yatsa biyu. Toka tana toshe hanyar ƙwaro. In za a dafa, sai a wanke.

Muna jan kunnenmu game da fiya-fiya da ƙwayoyin da ake jefawa cikin buhu. Guba ne. Akwai mai aje irin wannan buhu a ɗakin da yara ke kwana. Wanda ya ceci buhu ɗaya ya kai iyalinsa likita, ina ribar?

Itace

Murhun duwatsu uku yana cin itace, domin iska tana kwashe zafin wuta ta kowane gefe. Murhun ƙasa da ake kira Albarka, da na ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, suna tare iska, wuta ta tsaya ƙarƙashin tukunya. Na ƙasar, da laka da kashin jaki da ƙaiƙayi ake gina shi, daidai da girman tukunya.

Mu yi lissafi. A ce uwargida tana sayen itacen dala 40 kowace rana. A wata, dala 1200 ke nan, wato jika 6. A ce sabon murhu ya rage mata kashi ɗaya cikin huɗu. Ta samu dala 10 a rana, jika 1 da rabi a wata, jika 18 a shekara. Kowace ta sa nata kuɗin ta lissafa. A ƙauye, inda ba a saye, ribar ita ce tafiyar da mata da ƴan mata suka huta da ita.

Akwai abin da ba ya cin ko dala. A rufe tukunya. A jiƙa wake tun dare, da safe ba zai daɗe bisa wuta ba. A gama yanka da daka kafin a hura wuta. In an sauke, a zare sauran itacen a turbuɗe shi cikin rairayi, gobe zai yi amfani. Ɗanyen itace kuwa hayaƙi ne kawai, kuma hayaƙin nan yana shiga ƙirjin jaririn da ke goye, ya kawo tari. Tokar da ta rage, mun riga mun faɗi inda za ta.

Saura da shara

A riƙa auna hatsi daidai da bakunan gida. Mun san tukunyarmu ba ta rasa rabon baƙo, kuma ba mu ce a hana ba. In tuwo ya kwana, a rufe shi saboda ƙuda. Da safe a yi ɗumame har ya ɗau zafi ciki da waje, yana turiri. Ɗumame mai ɗumi-ɗumi yana kawo wa yara zawo. Wanda ya canza wari, a ba kaji.

Dusa da ƙasari na bisashe ne. Harawa, a ɗaure ta tun da sauran ganye, a ɗora bisa rumfa ko rufin ɗaki. Da rani kuɗi ce.

Sharar tsakar gida, rabinta taki ne. A gina rami a bayan gida, a riƙa zuba kashin awaki, ƙaiƙayi, ganye da ruwan wanke-wanke marar sabulu. A riƙa juyawa lokaci-lokaci. Manoman jihar Tawa da ke gina ramukan tasa a fako sun san darajarsa: kowane rami hannu ɗaya ko biyu na taki yake so.

Sai dai a tsince leda kafin a zuba. Leda ba ta ruɓewa a gona. In akuya ta haɗiye ta, sai ta dunƙule a tumbinta, akuyar ta yi ta ramewa har ta mutu. A shekarar 2014 ƙasarmu ta yi dokar hana ledar nan marar kauri, amma har yanzu ga ta nan bisa ƙayoyi a bakin kowane gari. In za mu kasuwa, mu ɗauki kwando ko ƙwarya, da kwalbar mai, mu ce wa mai tebur ya bar ledarsa.