Yamaha, Korg ko Ketron: Yadda Za Ka Zaɓi Fiyanon da Ya Dace da Kunnenka

Duk inda makaɗan fiyano biyu suka zauna, ko a sitidiyo a Kano ko a harabar coci a Jos, ba a daɗewa sai gardamar kamfani ta tashi. Wannan ya ce shi in ba Yamaha ba rijiya, wancan ya ce wanda bai taɓa Korg ba bai fara kiɗa ba tukuna. Wanda ya sha wahalar tara kuɗi yana son saye shi ne ake bari cikin ruɗu, kuma da shi nake magana. Ka sani tun farko cewa yawancin abin da ake faɗa maka a irin wannan zama son rai ne. Son rai ba laifi ba ne a harkar kiɗa, amma na wani ba zai yi maka aiki ba, sai ka nemo naka.

Fiyanon da muke magana a kansa shi ne wanda ake kira arranja. Ka danna kod da hannun hagu, shi kuma ya kawo ganga da bas da jita da sauran 'yan rakiya bisa salon da ka zaɓa, hannunka na dama yana jan waƙa. Kowane salo yana da mabuɗi, da sauye-sauye huɗu daga mai sanyi zuwa mai zafi, da ɗan karin ganga na tsallakawa, da rufewa. Da irin wannan na'ura mutum ɗaya yake cika filin biki, kuma da ita aka gina kiɗan finafinan Hausa tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da Yamaha samfurin PSR suka shiga sitidiyoyin Kano. Wannan tarihi kaɗai ya isa ya nuna maka dalilin da kunnen Bahaushe ya fi sabawa da sautin Yamaha. Mun tashi muna jin sarewarsa da gangarsa a kaset da rediyo, har suka zama mana ma'auni.

Kafin ka kwatanta komai, ka jera sa'a da sa'a. A sama akwai Genos2 na Yamaha da ya fito a 2023, da Pa5X na Korg na 2022, da Event na Ketron. A tsakiya, inda yawancin masu sana'a suke, akwai PSR-SX700 da SX900 na 2019 da magadansu SX720 da SX920, ga kuma Pa700 da Pa1000 na Korg. Ƙasa da su akwai SX600 da CT-X5000 na Casio. Wanda ya gwada ƙaramin PSR-E na koyo ya kuma gwada Pa1000, sannan ya ce Korg ya fi Yamaha, bai kwatanta kamfanoni ba, farashi ya kwatanta. Idan kuwa ka ajiye biyu masu kusan kuɗi ɗaya, za ka tarar babu wanda ya kasa aiki. Bambancin yana cikin ɗabi'a.

Sautin Yamaha a goge yake, a daidaite, kamar an riga an gama haɗa shi a sitidiyo. Ka kunna, ka danna, komai ya zauna inda ya dace. Jitarsa da sarewarsa da kakakinsa suna da daɗi, musamman muryoyin da suke kira Super Articulation, waɗanda suke kawo ƙarar zamewar yatsa a kan tsirkiya ko numfashin mai busa gwargwadon yadda ka taɓa maɓalli. Korg kuwa, wanda ake tsara jerin Pa ɗinsa a Italiya duk da cewa uwar kamfanin tana Japan, gangarsa da bas ɗinsa sun fi fitowa gaba, suna da kauri da ɗan kaushi irin na makaɗa a kan dandamali. Ketron, shi ma ɗan Italiya, ya yi suna ne da sa gangunan da aka naɗa daga hannun makaɗa na gaske a cikin salonsa. A nawa kunnen, Yamaha ya fi kwanciya a ƙarƙashin muryar mawaƙi, Korg kuma ya fi tayar da masu rawa a fili. Wani gwani zai ce maka akasin haka, kuma ba ƙarya yake yi ba.

Abin da ya fi sauti riƙe mutum ga kamfani shi ne sabon hannu. Wanda ya shekara goma a kan Yamaha, yatsansa ya san inda maɓallan Registration na ajiye saitin waƙoƙi suke ko da an ɗauke wuta, ya san yadda zai tsallaka daga waƙar amarya zuwa ta iyayen ango ba tare da kiɗa ya yanke ba. Ka ɗora shi a kan Korg, inda ake tara waƙoƙi a SongBook, sai ya yi ta lalube a kan allo, ya tashi yana cewa fiyanon ba shi da kyau. Fiyanon lafiyarsa ƙalau. Haka ɗan Korg yake ji idan ya koma Yamaha, ya ga kamar an ɗaure masa hannu, domin ya saba shiga can ciki ya sassaƙa murya yadda yake so. Don haka idan kana da tsohon sabo, ka ƙidaya shi a matsayin dukiya. Sauya kamfani yana cin watanni na koyo, kuma salon da ka tara ba zai bi ka ba: fayil ɗin salon Yamaha ba ya buɗewa kai tsaye a Korg, na Korg ma haka. Akwai manhajojin juyawa, amma abin da suke fitarwa sau da yawa sai an zauna an yi masa gyara mai yawa. Idan kuwa yanzu za ka fara, ba ka da wannan nauyi, kada ka ɗauki na wani.

Inda na fi so ka tsaya ka yi nazari shi ne kiɗanmu na gida. Waɗannan na'urori an cika su da salon Turai da Amurka da Latin, ba za ka buɗe kwali ka tarar da kalangu da kotso da gurmi yadda kake jin su a gidan biki ba. Dole ka ƙara da kanka, ko ka samu wurin waɗanda suka riga suka naɗa. A nan hanyoyin suka rabu. A Yamaha ana haɗa sababbin muryoyi a kwamfuta da manhajar Yamaha Expansion Manager, a zuba a filas, a ɗora wa fiyano, kuma wurin ajiyar yana da iyaka: kusan megabait 100 a SX600, 400 a SX700, gigabait 1 a SX900. A Korg kana iya shigar da sautin da ka naɗa, ka yanka shi ka shimfiɗa a kan maɓallai a jikin fiyanon kansa. Mai son ƙera nasa salon daga tushe yakan ji daɗin Korg saboda haka. Wanda yake son ya karɓi abin da abokan sana'a suka haɗa ya fita aiki gobe, Yamaha ya fi masa sauƙi a ƙasarmu, don a hannun mutane ya fi yawa.

Ka kuma gwada abin lanƙwasa sauti da ke gefen hagu. Kalangu yana magana ne saboda ana matsa tsirkiyarsa a hammata, muryar ta hau ta sauka. A fiyano da wannan ɗan abin ake kwaikwayon hakan, da kukan goge da na algaita. Korg sanda yake sawa wadda ake turawa hagu da dama, tsofaffin PSR-S 'yar taya ce da ake murzawa da babban yatsan hannu, su SX700 da SX900 kuma sun koma sanda. Ka ɗora muryar ganga ko sarewa, ka buga da dama, ka lanƙwasa da hagu, ka ji wanne hannunka ya fi yi wa biyayya. Masu bege da ƙasidu da ke bin karin Larabawa su nemi samfurin da ake sauke wasu maɓallai da rubu'in murya cikin sauƙi, kamar PSR-A5000 ko Korg masu alamar Oriental.

Ranar gwaji kada ka yarda da waƙar nuni da kamfani ya sa a ciki, an tsara ta ne don ta burge. Ka tafi da waƙoƙi uku da kake kaɗawa kullum, ɗaya mai sanyi, ɗaya ta rawa, ɗaya wadda mawaƙi yake yawan sauya mata sauri. Ka roƙi mai shago ya haɗa fiyanon biyu da lasifika ɗaya, ƙarfin sauti ɗaya, domin wanda ya fi ƙara shi kunne yake ɗauka ya fi daɗi. Sannan ka juya baya, abokinka ya kaɗa abu ɗaya a kan kowanne ba tare da ya gaya maka wanne ne ba. Mutane da yawa a nan suke gane cewa sunan da ke jikin fiyano suke so. Wasu kuma su tabbatar kunnensu ne ya zaɓa tun asali, su biya kuɗi da natsuwa. In kana waƙa da kanka, ka sa makirfo: SX900 da Pa1000 suna ƙara maka muryoyin amshi, SX700 yana karɓar makirfo amma ba ya yin amshin. Ka tuna kuma Genos2 da Pa5X ba su zuwa da lasifika a jikinsu, sai ka ƙara kuɗinta a lissafi.

Akwai wurin da son rai ya kamata ya ja baya, wato gyara. Kafin ka biya, ka tambayi masu gyaran garinku wane kamfani suke samun kayansa. Ketron zai iya sace maka zuciya, amma in allonsa ya mutu ana saura kwana uku biki kuma ba mai taɓa shi kusa, daɗin gangarsa ba zai fishe ka ba. Idan na hannu za ka saya, ka bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi. Wanda ya yi tsawa alhali ka taɓa shi a hankali, robar da ke ƙarƙashinsa ta ci ƙura ko ta gaji. Gyaran ba shi da wuya, amma a rage maka kuɗi. Ka taɓa kusurwoyin allo huɗu, ka sa filas ɗinka ka ga ya karanta, ka girgiza wayar da ke ramin fitar sauti ka ji ko tana ƙara. Ka duba adafta ta asali ce, domin manyan PSR wuta mai bolt 16 suke sha, ƙananan PSR-E kuma 12, kuma adaftar bogi tana iya ƙone na'urar gaba ɗaya. Daga kuɗin da ka ware, ka cire na sitabilaiza saboda janaretan wurin biki, da na jaka mai kauri da mayafin rufewa saboda ƙurar hunturu, sannan abin da ya rage ka shiga shago da shi.