Yadda ake yanke shawara kan adana jinin cibiyar jariri

Bayan an yanke cibiya, akwai ɗan jinin da ke saura a cikinta da cikin mabiyiya. Bai cika kofin shayi ba, amma yana ɗauke da ƙwayoyin da ke haifar da sabon jini, irin waɗanda ke cikin ɓargo. A 1988 Farfesa Eliane Gluckman ta yi amfani da shi a Paris ta yi wa wani yaro ɗan shekara 5 dashe da jinin cibiyar ƙanwarsa, ya kuwa tashi. Tun daga nan ake daskare wannan jini a ajiye, wasu iyaye su ba da shi kyauta ga rumbun jama'a, wasu su biya kamfani ya ajiye wa iyalinsu kaɗai.

Kafin a kai ga maganar kuɗi, sai miji da mata su zauna su dubi gidansu. Akwai yaro mai sikila, ko sankarar jini, ko wata cutar da likita ya ce dashen ɓargo zai iya warkarwa? A nan shawarar ta rataya. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila, kuma tun 2011 aka fara dashen ɓargo saboda ita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin. Ga gidan da ke da yaya mai kwana yana kukan ciwon ƙashi, jinin cibiyar ƙaninsa abu ne mai daraja.

Sai dai a fahimci wanda jinin zai amfana. Jaririn da aka haifa da sikila (SS) ba za a warkar da shi da jinin cibiyarsa ba, domin cutar na cikin jinin tun asali. Haka ma likitoci ke guje wa mayar wa yaro nasa idan sankarar jini ta kama shi. Amfanin ya fi tafiya ga ɗan'uwa: jariri AA ko AS zai iya ba yayansa, in jininsu ya dace. Tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, damar cikakkiyar dacewa 1 ce cikin 4. Wannan ne ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ba ta ba da shawarar biyan kuɗin ajiyar jinin don "ko da wata rana", sai in akwai mai buƙata a gidan. Ra'ayina ke nan ni ma. Ba na son ganin an tsorata mai ciki da tallan da ke nuna mata kamar ta gaza in ba ta biya ba.

In akwai mai buƙata, a je wurin likitan jini da ke duba yaron, tun cikin bai tsufa ba, kada a bari sai naƙuda ta taso. Za a gwada uwar don cutar ƙanjamau, ciwon hanta da tunjere, ta sa hannu a takarda. A tambayi kamfanin a ina rumbunsa yake, nawa ne kuɗin farko, nawa ne na kowace shekara, da abin da zai faru da jinin in kamfanin ya rufe. A kuma tambayi asibitin da zai yi dashen ko yana karɓar jini daga wannan rumbun, domin ajiyar da ba za a karɓa ba asara ce.

Ranar haihuwa aikin gajere ne. Ungozoma ko likita ta ɗaure cibiya, ta yanke, ta soka allura a jijiyar ɓangaren da ke haɗe da mabiyiya, jinin ya gangara cikin leda ta musamman. Uwa da jariri ba sa jin komai, kuma iyali za su iya karɓar mabiyiyarsu su binne kamar yadda aka saba. Abu ɗaya ne ba na so a yi sassauci a kansa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta ɗaure cibiya na minti 1 zuwa 3 don jariri ya samu jininsa ya tsira daga ƙarancin jini. Jinkirin yana rage abin da za a tara, amma haƙƙin jaririn ne ke gaba.

Daga nan a kai ledar ɗakin gwaji cikin kwana biyu, a ƙirga ƙwayoyin, a daskare su a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Wani lokaci ƙwayoyin ba sa kai adadin da ake so, kuma leda ɗaya galibi ƙaramin yaro kawai take isa. In ta gaza, likitoci kan jira ƙanin ya ɗan girma, su ɗebi ɓargonsa su haɗa da ita a yi dashen.