Yadda ake noman lambu da kiwon laimar kwaɗi a Pokémon Emerald

Gaggawa ce ke cin yawancin masu buga Pokémon Emerald. Za su ratsa dajin Petalburg a guje, su wuce shagon furanni ko leƙe ba su yi ba, hankalinsu na kan bajo na gaba. Can gaba sai ka tarar da su a gaban wata ƙatuwar halitta sun jefa ƙwallo talatin, ko ɗaya bai kama ba, suna zargin wasan da son kai. Alhali maganin matsalar tun a wancan daji suka tsallake shi, yana kwance a cikin ciyawa. Kamfanin Game Freak ne ya ƙirƙiri wasan, ya fito a Japan a 2004 a kan na'urar Game Boy Advance, kuma ciyayin da ke cikinsa da agogo na gaskiya suke girma. Ko na'urar tana kashe, shukarka na nan tana tsiro. Saboda haka daga agogo za mu fara.

Duba agogo kafin ka taɓa ƙasa

A farkon wasa, a ɗakinka na garin Littleroot, za a ce ka saita agogon bango. Sa ainihin lokacin da kake ciki, don da shi za ka riƙa lissafin ban ruwa. Idan tsohon kaset ne a hannunka, ka lura da abin da yake rubutawa da zarar ka kunna. Akwai ɗan batir a cikinsa, CR1616, mai faɗin maɓallin riga, wanda shi ke tafiyar da agogon. In ya mutu wasan zai gaya maka. Za ka iya ci gaba da bugawa da adanawa lafiya lau, amma duk abin da ka shuka zai tsaya cak. Mai gyaran waya zai iya sauya maka shi, tunda aikin dalma ne, sai dai ka yi hakan kafin ka fara sabon wasa, domin sabon batir a kan tsohon wasa yakan bar agogon a rikice. Mai bugawa a manhajar waya kuwa ya shiga saituna ya tabbatar agogon gaskiya a kunne yake.

Karɓi buta, ka yi shukar farko

Da ka fito daga dajin Petalburg ta arewa, a Hanya ta 104, akwai shagon furanni na Pretty Petal. Shiga ka gaisa da 'yan matan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Wata za ta ba ka butar ban ruwa mai siffar Wailmer, wata kuma kullum za ta ba ka ɗan itace guda kyauta. Ƙasa mai laushi, baƙa-baƙa, ita kaɗai ke karɓar iri, akwai ta kuwa a kusa da shagon. Ka tsinke 'ya'yan da ka tarar, bishiyar za ta ɓace, sai ka mayar da ɗaya cikin ramin nan take. Wannan ɗabi'a ita ce rabin noman: kada ka bar rami fayau a bayanka.

Kowace shuka tana bin zango huɗu kafin ta nuna: iri a ƙasa, tsiro, tsayi, fure. Ruwa sau ɗaya take buƙata a kowane zango. Ko ka kwarara mata sau goma a zango guda, ɗaya za a lissafa maka. Rashin ruwa ba ya kashe ta, amfanin ne kawai zai zo a ƙuntace.

Cheri, Chesto, Pecha, Rawst, Aspear, Oran da Persim awa uku-uku suke yi a zango, wato awa 12 gaba ɗaya, kuma wannan ya yi daidai da tsarin yini. Shuka da ƙarfe shida na safe ka ba ta ruwa a take, ka ƙara da hantsi wajen ƙarfe goma, ka ƙara da azahar, ka ƙara da la'asar, da magariba ka zo ka tsinki uku maimakon biyu. Sitrus awa 24 take ɗauka, shida-shida, don haka dole zango ɗaya ya faɗa cikin dare. Dabarar ita ce ka shuka ta da ƙarfe bakwai na safe: zangon ƙarshe zai fara ƙarfe ɗayan dare ya ƙare bakwai, ka ga da asuba ka same shi ke nan ba sai ka hana idonka barci ba.

Lum ce ta fi kowa jan rai. Kwana biyu cur take yi, kuma in ba ka shayar da ita ba, ɗaya tak za ta mayar maka, irin da ka zuba. Na taɓa shuka ta na tafi wata sabga, na dawo bayan kwana biyu da murna, na tsinki guda ɗaya. Riba babu, asara babu, sai haushi. Safe da yamma na kwana biyu shi ne kuɗin Lum ta biyun. Ta cancanci wahalar kuwa, don ita kaɗai ke warkar da barci, guba, ƙuna, daskarewa, shanyewar jiki da ruɗewa, kuma halittar da ke riƙe da ita da kanta take ci a tsakiyar faɗa.

In ka tambaye ni abin da ya fi dacewa ka cika ramuka da shi, Leppa zan ce. Awa 16 take yi, tana kuma mayar wa dabarar faɗa damar amfani sau goma bayan ta ƙare. Maganin da ke yin wannan aiki ba a sayar da shi a kantunan garuruwa, sai dai tsintuwa. Oran jini 10 kacal take ƙarawa, bayan bajo na biyu ba ta da wani tasiri. Sitrus 30 take bayarwa.

Bayan ka doke mahaifinka Norman ka samu damar hawa ruwa, ka bi Hanya ta 118 zuwa ta 123, gidan dattijon nan masanin 'ya'yan itace. Kullum yana ba da iri biyu, matarsa na ba da ɗaya, a cikin nata ne ma akan dace da Lum. Gefen gidansu akwai ramuka jere, nan ya kamata babbar gonarka ta koma. In 'ya'ya suka nuna ka daɗe ba ka zo ba, zubewa suke yi su sake tsirowa daga farko, ruwan da ka zuba ya tafi a banza.

Koma daji ka kamo biyu

Yanzu ga abin da aka tsallake. Shroomish wata 'yar halitta ce mai kama da laimar kwaɗi, gajera, fuska a murtuke, jiki da ɗige-ɗige kore. Bayanin wasan ya ce wuri mai danshi take so, inda ganye ya zube ya ruɓe, kamar dai naman kaza na gaskiya da ke ɓullowa a gindin itace da damina. A ciyawar dajin Petalburg ake samunta a mataki na 5 ko 6. Ba kowane taku take fitowa ba, sai ka ɗan yi sintiri tsakanin tsutsotsin Wurmple.

Biyu za ka kama, ga dalili. A mataki na 23 Shroomish tana rikiɗa ta zama Breloom, ɗan dambe mai hular naman kaza, mai naushi kamar guduma. Amma dabarar da ta sa ake neman wannan zuri'a, wato Spore, Shroomish ce kaɗai ke koyonta, sai a mataki na 54. Breloom ba ya koya ko da zai kai ɗari. Spore ƙura ce mai sa barci wadda saitinta ɗari bisa ɗari ne. Sleep Powder 75 take da shi, Hypnosis 60. Halitta mai barci kuwa sauƙin kama ta ninki biyu ne, shanyayya ninki ɗaya da rabi.

To, ta farko ka bar ta ta rikiɗa a 23. Tun kafin nan ma za ta share maka halittun duwatsu na Roxanne, mai ba da bajo a Rustboro, daga baya ta taimaka a gidan Norman. Ka dai ɓoye ta ranar da za ka kara da Winona, mai ba da bajo a Fortree, don harin tsuntsu ninki huɗu yake yi wa Breloom. Ta biyun ita ce 'yar haƙuri. Idan ka kai wa Steven wasiƙar shugaban kamfanin Devon a kogon Dewford, koma wurin shugaban ya ba ka Exp. Share, ka rataya mata. Za ta riƙa samun rabonta na ƙwarewa ba tare da ta shiga fili ba. Daga mataki na 23, duk ƙarin mataki za ta fara walƙiya tana son rikiɗa, kai kuma ka danna B. Sau 31 za ka yi wannan kafin ta kai 54. A nan ake faɗuwa: ka ajiye na'ura ka amsa sallama, ka dawo ka tarar da Breloom yana kallonka. In ka tsinci dutsen Everstone a kogon Dewford zai hana rikiɗa, sai dai abu ɗaya halitta ke iya riƙewa, ko shi ko Exp. Share. Ni na zaɓi yatsa a kan B, da yawan adana wasa.

Da ta koyi Spore, ƙyale ta ta rikiɗa. Naushin Mach Punch da ya wuce ta, akwai mai tunatar da dabaru a garin Fallarbor, ladansa Heart Scale guda.

Ranar farauta

Ɗauki Regirock misali, wanda ke kwance a kangon hamadar Hanya ta 111 a mataki na 40, yana cikin mafi taurin kamu a wasan. Adana wasa a gabansa tukuna. Rage masa jini a hankali, in kana da Nincada da ta koyi False Swipe a mataki na 25, ita ke barin jini ɗaya ba ta kisa. Sannan ka watsa Spore ka fara jifa. Barcin zagaye kaɗan yake yi, da ya farka ka sake watsawa. Sau 15 Spore ke aiki, a nan Leppa ɗin da ka noma za ta biya ka ladan ruwanka.

Abu biyu ka kiyaye. Kada ka dasa masa Leech Seed, zai tsotse shi har ya faɗi kana ji kana gani. Na biyu, jikin Breloom kansa yana da ƙura: wanda ya taɓa shi, lokaci-lokaci yakan kwashi guba ko shanyewa, kuma mai guba ba ya barci, jininsa ma zuba yake. Saboda haka kada ka bar Regirock a farke yana kai wa Breloom duka. In ya kwashi guba, kashe ka kunna daga inda ka adana. Halittu masu baiwar Insomnia ko Vital Spirit, irin su Vigoroth, ba sa barci sam, kada ka ɓata ƙurarka a kansu. A Emerald Spore tana kama har halittun ciyawa, daga wasannin X da Y na 2013 ne aka hana hakan.

Ka fara da Ultra Ball, amma ka riƙe Timer Ball na kantin Rustboro a aljihu. Ƙarfinsa ƙaruwa yake da tsawon faɗa, a zagaye na 30 ya kai ninki huɗu, biyun na Ultra Ball ke nan. Daga nan shi za ka riƙa jefawa.