Kashe Kwamfutarka da Hannunka Kafin Wuta Ta Kashe Maka Ita

Sana'ata gyaran kwamfuta ce a Azuba, kan hanyar Lafia zuwa Akwanga. Ɗalibai da masu shagunan buga takardu sukan tambaye ni wanne ya fi sa kwamfuta daɗewa, barinta a kunne ko kashe ta.

Masu cewa a bar ta suna da hujja. In aka kunna, kayan cikinta suna ɗaukar zafi su buɗa, in aka kashe su huce su tsuke, yawan haka kuma kan gajiyar da dalmar da ta riƙe su. Ma'adanar bayanai ta tsohon yayi, mai faifan da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, ita ma ta fi wahala lokacin tashi. Sai dai wannan hujjar ta fi dacewa da wuraren da wuta ba ta yankewa, na'urar sanyaya ɗaki kuma ba ta tsayawa. Kunnawa sau ɗaya ko biyu a yini ba ya cutar da kwamfutar zamani, balle mai ma'adanar SSD da babu faifan da ke juyawa a cikinta.

Abin da nake tararwa idan na kwance murfi daban ne. Wanda ya bar kwamfutar tebur a kunne ya tafi, in aka ɗauke wuta tana tsakar rubuta bayani, fayil kan lalace, wani lokaci Windows ya ƙi tashi. In wutar ta dawo da ƙarfi, ko aka juya zuwa janareta, akwatin wutarta ko caja ne ke fara ƙonewa. Tsawar damina kuwa tana biyo waya ta shiga ko kwamfutar a kashe take, muddin tana jone da soket.

Sai zafi. A watan Maris zafin Lafia kan haura digiri 35, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka. Ƙa'idar da muka sani ita ce, ƙarin digiri 10 na zafi yana rage kusan rabin rayuwar kafasito, ɗaya daga kayan cikin kwamfuta. Laftof da ke kwana a caji bisa katifa, batirinta kan kumbura har ya ɗaga madannai.

Don haka, ɗan'uwa, in za ka tashi na ɗan lokaci, ka sa laftof ta yi barci. In ta tebur ce kuma ba ka da na'urar ajiye wuta ta UPS, ka adana aikinka ka kashe. Da dare ko in hadari ya haɗo, ka kashe ta yadda ya dace, sannan ka zare filogi. Kada ka danne maɓallin wuta sai in ta sanƙare. Ka ɗora laftof a kan tebur, ka kuma kai ta a hure mata ƙura da zarar hunturu ya wuce.

Kuɗin sabon allon kwamfuta ya ninka na wannan kulawar sau da yawa, bayanan da suka salwanta kuwa ba kullum muke iya dawo da su ba.