Dirhamin Kisra: daga nan mai tara sulallan Farisa zai fara

Duk mai sha'awar tara tsofaffin sulallan azurfa na Farisa, shawarata ya fara da dirhamin Kisra na Biyu, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 628. Shi ne Kisran da Manzon Allah (SAW) ya aika wa wasiƙa. Sulallansa sun fi na kowane sarkin Sasaniyawa, masu mulkin Farisa a lokacin, yawa, don haka ba su yi tsada ba. Dalili kuwa yaƙi ne: tun daga 602 yake gwabzawa da Rumawa, soja na jiran albashi, haraji na shigowa da azurfa, ga garuruwa da dama suna ta bugu.

Kafin ka yi ciniki, nemi ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinari. Cikakken dirhami yana kai giram 4 ko ɗan sama, siriri ne mai faɗi. In ka ga ya sauko wajen giram 3 kuma gefensa a yanke, kada ka yi saurin cewa jabu ne. Bayan gyaran kuɗin Halifa Abdulmalik, wajen 698, sabon dirhami ya koma kusan giram 2.9, sai aka riƙa datse tsofaffin don su yi daidai da shi. Amma fa a rage maka kuɗi.

Mutane kan tsaya kallon rawanin sarki, alhali labarin yana baya. Juya shi. Za ka ga murhun wutar Majusawa da masu gadi biyu; a dama an taƙaita sunan garin da aka buga shi, a hagu shekarar sarauta, da rubutun Fahlawi. Wani lokaci ka tarar da bisimilla da Larabci a gefen fuskar. Wannan na gwamnonin Musulmi ne, waɗanda suka ci gaba da amfani da hoton Kisra bayan faɗuwar daular Sasaniyawa a 651, kuma ya fi daraja.

Na gaske bugawa aka yi, jabu kuwa galibi zubi ne: duba ƙananan ramuka da layin haɗi a gefe. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, don haka in ya kama shi, jabu ne.

Kada ka goge shi. Baƙi-baƙin da ke jikinsa shi masu saye ke nema. Sannan ka tambayi mai sayarwa takardar da ke nuna hannun da ya fito, domin dokar Iran, wato Farisa ta yau, ta hana fitar da kayan tarihi.